Harshen Kuku

A kicin ɗin otal ɗin kowa da abin da ake yabonsa da shi. Akwai mai wuƙa, wanda zai yanka albasa buhu guda idonsa bai kawo ruwa ba. Akwai mai burodi, mutum mai baƙin rai da hannu mai albarka. Ita kuwa matar da wannan labari ya shafa, harshenta ne jarinta. Gishiri ba ya ɓoye mata. Ta ɗan taɓa miya da bakin cokali, ta lumshe ido, sai ta ce saura kaɗan, ko ta ce a sauke haka nan, kuma ba a taɓa dawo da faranti daga ɗakin cin abinci saboda ita ba. Masu girki da yawa ne a wurin, amma in ka ji an ce “Kuku” ba a ƙara komai ba, to ita ake nufi. Har gida sunan ya bi ta.

A gida an san aikinta kayan lambu ne da shinkafa, kuma da gaske da su ta fara. Sai mutumin da ke riƙe da teburin can ƙurya ya ajiye aiki ba sallama. Babban kuku, mai ƙaton ciki da ƙaramin haƙuri, ya waiga ya ga kowa ya sunkuyar da kai, ya nuna ta da ludayi.

A teburin ƙurya ake haɗa abincin safe na baƙin da suka zo daga nesa. Naman alade ake niƙawa, a cakuɗa shi da gishiri da kayan ƙamshi, a ɗura a hanji, a ɗaɗɗaure.

“Yallaɓai, ni fa ba na cin wannan,” in ji ta.

“Wa ya ce ki ci? Niƙawa za ki yi, ki haɗa, ki ɗura. Ko a gidanku da baki ake ɗurawa?”

Aka yi dariya, ita ma ta yi, magana ta ƙare. Ta samo safar hannu, ta ware wuƙa mai jan mariƙi, ta ware rigar aiki wadda ba ta taɓa zuwa da ita gida ba. Mijinta bai tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Ba ƙarya ta yi masa ba, tsohuwar gaskiya ta bar masa yana ta amfani da ita.

Matsalar gishiri ce. Miya in ta yi lami a ƙara mata, amma naman da aka riga aka ɗura aka ɗaure ya wuce gyara. Ƙa’idar kicin ita ce a soya ɗan kaɗan a ba mai ci ya ɗanɗana. Ta gwada haka da wani mai kai abinci, sai ta tarar harshensa da tafin takalmi duk ɗaya, komai aka ba shi ya ce ya yi. A makon farko faranti suka soma dawowa, babban kuku ya tsaya a kanta yana tambaya ko harshen nata ya tafi hutu ne. Abin ya tsaya mata a rai fiye da yadda ya kamata. Wata safiya, babu mai kallo, ta tsakuro ɗanyen haɗin da ɗan yatsa, ta ɗora a harshe, ta matse shi da ganɗa, ta tofar, ta kurkure baki. Saura kaɗan. Ta ƙara gishiri.

Ɗanɗano ba ci ba ne. Haka ta gaya wa kanta ranar, haka ta ci gaba da gaya wa kanta kullum har ta daina buƙatar faɗa. In ana sauri, babban kuku yana kwaɗa mata kira daga can, ba ko da yaushe take tabbatar da cewa duk abin da ya shiga ya fito ba. Faranti dai suka daina dawowa, aka koma yabonta, shekaru suka shige.

Gidan haya suke zaune, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida wanda ke kawo ruwa lokacin da ya ga dama. Mijinta mai gyaran wuta ne. ’Yarsu ɗaya, shekararta takwas, ana ce mata Aku saboda tun da ta iya magana ba ta huta ba. Ɗakin da ke manne da nasu na Tela ne, wata mata mara miji mai ɗinki a keke. Addininsu ba ɗaya ba ne da Tela, abincinsu ma ba duka ne ɗaya ba, amma ba wanda ya taɓa sa wannan a lissafi. In an tashi makaranta ɗakin Tela Aku ke sauka, ta zauna gindin keke tana tsintar ƙyalle tana ba kwastomomi labarin da ba su tambaya ba, har uwarta ta dawo.

Aku ba ta cin abinci da kanta, surutu ba ya barin ta. Sai Kuku ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta jira ta buɗe baki za ta faɗi wata kalma, ta cusa mata loma. Ta ɓare mata lemo, ta cire mata ƙashin kifi, duk da hannu. A otal tana wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu saboda baƙin da ba ta sani ba. A gida kuwa, in ta dawo a gajiye famfo ya ƙafe, ɗan ruwan buta ya ishe ta.

Ranar da abin ya faru Kuku tana wurin aiki. Aku tana tsakiyar ba da labari sai maganar ta tsinke, idonta ya kafe, hannunta na hagu ya soma karkarwa, ta faɗi tana shure-shure kumfa na fita a bakinta. Tela ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta saɓa ta a baya, ta fita titi da gudu tana tare motoci, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Ko da Kuku ta iso asibiti, ta tarar da ita zaune a benci ƙafa duk ƙura, tana ta maimaita cewa lafiya lau yarinyar take magana, wallahi lafiya lau.

Aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Washegari likita, wata mata mai gilashi da ba ta gaggawar magana, ta kira iyayen ofishinta. Ta nuna musu ’yan ɗigo masu zagaye a hoton, ɗaya ya kumbura abin da ke kewaye da shi.

“Wannan ne ya jawo farfaɗiyar. ’Ya’yan tsila ne, irin ta alade.”

Mai gyaran wuta ya miƙe zumbur. “Subhanallahi! Likita, ki dai sake dubawa. ’Yata ko ganin naman nan ba ta taɓa yi ba.”

“Zauna, Malam, na yarda da kai. Ka saurara da kyau, don a nan ne mutane ke ruɗewa. Uwar tsilar a hanjin mutum take zama, mutum kaɗai. Tana tsinke gaɓoɓinta su fita da bayan gida, kowace gaɓa cike da ƙwan da ido ba ya gani. In alade ya ci ƙazantar, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa, ’ya’yan su huda hanji su bi jini su je su kwanta a tsoka, kowanne cikin ’yar jakar ruwa kamar ƙwayar shinkafa. In mutum ya ci naman bai dahu ba, sai kan tsutsar ya fito daga jakar ya maƙale a hanjinsa, ta yi ta tsawo har ta fi mai ita, ta soma zubar da nata ƙwan. Ka ga an dawo farko.”

“To ai shi ne nake cewa ba ta ci ba.”

“Wanda ya ci nama, uwar yake samu a ciki, sau da yawa ma ba ya jin komai. Abin da ’yarka ta samu na wanda ya haɗiyi ƙwan ne. Ƙwai ba ya tambayar cikin wa ya faɗa. Yadda zai yi a jikin alade haka zai yi a jikin yaro, ya bi jini ya kwanta inda ya samu, tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa. Yakan daɗe a kwance shiru, sai lokacin da zai mutu wurin ke kumbura. Wani mai ɗauke da tsila ne ya taɓa abincinta ko ruwanta da hannun da bai wanku sosai ba. Yawanci kuma na kusa ne.” Ta cire gilashi ta dube su. “Akwai mai cin naman alade a gidanku?”

“Babu,” in ji Kuku.

Kalmar ta riga tunaninta fita. Kuma in aka bi ta harafi da harafi ba ƙarya ba ce, likita mai ci ta tambaya. Amma tun kafin ta rufe baki ta tuna abin da ta gani a banɗaki watannin baya: wasu farare, falle-falle, a jone da juna. Da farko ta ce taliya ce ba ta narke ba, ko da yake ba ta ci taliya ba. Da ta sake gani ta sha wani ruwan maganin tsutsa na yara da ya rage a kwalba, ta daina dubawa. Yanzu ga sunan abin an faɗa mata da baki, ga hanyarsa an zayyana mata tiryan-tiryan daga teburin ƙurya zuwa hannunta na dama, daga hannunta zuwa bakin Aku. Ta dubi hannun a kan cinyarta, ta tura shi ƙarƙashin jaka.

Mijin nata ya murza goshi. Can ya ɗago.

“Tela,” ya ce a hankali. “Tela tana ci. Kullum yarinyar nan tana ɗakinta.”

Likita ta ce ba a yanke hukunci da baki, kuma ba mai laifi ake nema ba, mai ɗauke da ita ake nema a ba shi magani. Ta ba su ’yan kwalaben roba masu murfi, na kowa a ɗakinsu da na duk mai ba yarinyar abinci, a kawo bayan gida a gwada. Ta ja kunnensu cewa kada kowa ya sha maganin tsutsa kafin a kawo.

Mai gyaran wuta mutumin kirki ne, kada a yi masa ƙarya. Amma sana’arsa ta koya masa cewa duk wutar da ta lalace waya ɗaya ce ta jawo, in ka gano ta ka datse an huta. Duk bayanin likita kalma biyu ya tsinta, alade da na kusa. Ya dawo gida, ya shiga ɗakin Tela ba sallama, ga mata biyu zaune suna jiran awo, ya dire kwalbar a kan keken ɗinkinta. Ya faɗi abin da za ta zuba a ciki da dalilin zubawar, da muryar da aka ji har bakin famfo. Kuku tana tsaye a ƙofar ɗakinta, flas ɗin da za ta koma da shi asibiti a hannu. Taku uku ne tsakaninta da su. Ba ta yi takun ba.

Kafin rana ta faɗi duk gidan ya ji, kafin mako ya fita layin ya ɗauka. Labarin ya yi ƙiba a hanya, har aka ce da gangan Tela ke ba yara naman a ɓoye. Uwaye suka janye ’ya’yansu daga ƙofarta. Masu ɗinki suka zo suka karɓi yadinsu ba a ɗinka ba, wata ma da leda ta riƙe nata. In Tela ta ajiye bokiti a layin famfo, sai na bayanta ya ja nasa baya. Ita kuwa tun a ranar farko ta kai kwalbarta asibiti da ƙafarta.

Kwalbar Kuku tana cikin jaka, babu komai a ciki. Mijin ya tambaya, ta ce tashin hankali ya ɗaure mata ciki. Ya tausaya mata har ya sayo mata gwanda.

Ana ba Aku magani, kumburin yana sauka, amma surutun bai dawo ba. Takan soma magana ta tsaya tana laluben kalma, sai ta dubi uwarta ta taimaka mata. Kuku ta daina ba ta abinci da hannu. Da cokali take ba ta, bayan ta wanke hannu har fatar ta yi fari, ma’aikatan jinya suna yaba tsaftarta.

Wata rana da hantsi ta fito ɗibar ruwan zafi sai ta ga Tela a ƙarshen baranda, ta raɓe jikin bango kamar mai jiran a kore ta. Ta miƙo wata leda. Rigar matashin kai ce mai hoton tsuntsu, an haɗa ta da ƙyallayen da Aku ta tara.

“Na wanke, na goge da dutsen guga mai zafi, ban sake taɓawa da hannu ba. In babanta ba ya so ki jefar.”

Sai a lokacin Kuku ta lura da hannuwanta. Sun yi ja, sun tsattsage, bakin farcen duk ya ɗaye.

“Me ya sami hannunki?”

“Ruwan bilic ne, na wankin fararen kaya. Ina ta wankewa, na kasa jin ya wanku. Ko zare ba na iya sa wa allura.” Ta ja hannuwan baya. “Maman Aku, ina ci, ban taɓa ɓoye muku ba. Amma ina dafawa ya dahu, kuma ban taɓa ba ta ba, Allah shi ne shaida. Sai dai na kwana ina tunani, lemo nawa na ɓare mata, sau nawa ta sha ruwa a kofina. Wa ya sani? Yarinyar nan ita ce ’yar da ban haifa ba.”

Kafin Kuku ta ankara, Tela ta durƙusa a kan simintin asibiti, mutane na wucewa.

“In ni ce, ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini.”

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Kuku ta sani, maganar ta taso har maƙogwaronta. Amma tare da ita fuskar mijinta ta taso, da layin famfo, da matar nan mai riƙe yadi da leda, da ranar da Aku za ta girma a gaya mata hannun wa ne. Ta kama kafaɗar Tela ta ɗaga ta.

“Tashi, ba komai. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Ta karɓi roƙon gafarar da ita ya kamata ta yi, har da shafa bayan mai roƙon. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ƙyamar kanta irin ta wannan rana ba, amma ƙyamar ba ta hana ta abin da ta yi washegari ba.

Ta shiga wani kantin magani can kusa da otal, inda ba a san ta ba, ta ce maganin tsila take so, na babba, na wata ’yar uwarta. Ta gaya wa kanta saboda Aku ne, gara a fitar da abin da wuri kafin yarinyar ta dawo gida. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ta yi saurin haɗiyuwa. A banɗakin ma’aikata abin ya fito, doguwa, fara, mai gaɓa-gaɓa kamar tef ɗin awon Tela. Ta tsaya tana kallo. Da ta kwasa a kwalba ta kai wa likita, da an wanke Tela a yinin nan. Ta danna ruwa. Ta koma kicin ta ce wa babban kuku ya nemi wani a teburin ƙurya ko ya sallame ta, ya yi ta masifa, daga baya ya mayar da ita kan shinkafa.

Ta bari kwanaki suka shuɗe kafin ta kai kwalbarta.

Sakamako ya fito. Na Tela babu komai, na mijin babu komai, nata ma babu komai. Kuku ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ta ce a ranta shi ke nan, kowa ya fita, Allah ya rufa asiri. Likita ta ce gwajin ba kullum yake kamawa ba, mai yiwuwa ma a waje yarinyar ta ɗauka, a makaranta ko wurin mai sayar da abinci. Ta rubuta musu magani su sha duka.

A hanyar gida mai gyaran wuta ya yi tsaki.

“Kin gane abin da ta yi, ko? Magani ta sha kafin ta kai. Likita ta ce kada a sha, ita ta san abin da ke cikinta, ta je ta wanke shi. Wane irin mutum ne zai yi haka, yarinya tana kwance?”

Kuku ta ga abin da ta yi sarai: gwajin da zai wanke Tela ba na Tela ba ne, nata ne, kuma ta aika shi cikin masai. Yanzu babu kwalba, babu likita, babu abin da ya rage a duniya da zai ce ba Tela ba ce sai bakinta.

Maganar mijin ta zagaye gidan, ta fi ta farko karɓuwa, don ta haɗa ƙazanta da wayo. Mai gidan haya ya aiko cewa ba ya son fitina, Tela ta nemi wani wuri. Ba ta yi gardama ba. Kekenta ya riga ya yi shiru, babu abin da take jira.

Ranar da za ta tashi an riga an sallamo Aku. Wata ’yar motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida, direba da Tela suna fito da katifa da tukwane, maƙwabta suna zaune a ƙofofinsu kowa ya sami aikin yi da hannu, ido kuwa yana waje. Aka fito da keken ɗinki, aka kwantar da shi, aka ɗaure da igiya. Aku tana leƙe ta taga.

“Mama, ina Anti za ta kai...” Ta tsaya tana neman kalmar. “Abin nan. Mai ƙara.”

“Keke.”

“Keke. Laifi na yi mata?”

Kuku ta ajiye cokalin da ke hannunta. Ta fita tsakar gida ko ɗankwali ba ta gyara ba, ta tsaya kusa da famfo inda kowa zai ji. Mijinta yana bakin ƙofa yana kwance wata fanka.

“Baban Aku, a sauke kayan nan. Ba ita ba ce. Ni ce.”

Ta faɗa duka, muryarta na karyewa tana ɗorawa. Teburin ƙurya, da ɗanyen haɗin da take sa wa a baki saboda gishiri, da abin da ta gani a banɗaki, da kantin magani, da ruwan da ta danna.

Mai gyaran wuta ya ajiye sukundireba, ya taso ya zo gabanta. Ta runtse ido tana jiran duk abin da zai zo. Sai ta ji ya kama hannunta a hankali.

“Haba, Maman Aku. Ke da ke dafa shinkafa? Ke da likita ta ce ba ki da komai?” Muryarsa ta yi laushi. “Na san ƙawarki ce, na san abin yana cin ki. Amma ba a ɗaukar irin wannan a ɗora wa kai don a ceci wani. Kin yi kwana da kwanaki ba ki yi barci ba. Zo ki shiga ciki.”

“Wallahi ni ce. Ka je otal ɗin ka tambaya.”

“In je in tambayi me? Ni ban san matata ba?”

“Kai, baiwar Allah nan akwai zuciya,” in ji wata tsohuwa daga ƙofarta. “An cuce ta, tana neman rufa wa macucin asiri.” Sauran suka amsa da Allah sarki, wata har da share ƙwalla.

Mutum ɗaya ne a gidan bai ce Allah sarki ba. Tela tana tsaye jikin mota, ƙarshen igiya a hannunta. Ta san Kuku shekara da shekaru, ta san muryarta in tana tausayi, ta san wannan ba ita ba ce. Ta ba direba igiyar, ta tako a hankali har inda take. Ba ta ɗaga murya ba.

“Yaushe kika sani?”

“Tun a ofishin likita.”

“Kafin ya kawo mini kwalba?”

“Kafin.”

“Da na durƙusa miki a asibiti, kin sani?”

Kuku ta gyaɗa kai. Ta soma sulalewa ƙasa za ta durƙusa, Tela ta tare ta da tsattsagaggen hannunta, ta tsayar da ita cak.

“A’a. Kada ki yi. In kin durƙusa sai na ce na yafe, kuma ban yafe ba.”

Tela ta ɗaga kai ta dubi taga. Aku ta ɗago mata hannu, ita ma ta ɗaga mata, ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta juya ta shiga gaban mota ta ja ƙofa.

Mijin ya rungumo kafaɗar Kuku ya nufi ɗaki da ita, yana ce wa maƙwabta su yi haƙuri, gajiya ce. Suna wucewa ana yi mata sannu, ana sa mata albarka.